Injin janareton soja a kan injin casa: dabara ce ko asara?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. A nan Texas na sayi janareto biyu na sojan Amurka a gwanjon da kamfanin GovPlanet ke yi, samfurin MEP-803A mai kilowat 10. Sojojin suna sauya su da sababbi na kamfanin Cummins, shi ya sa suke fitowa kasuwa. Ɗaya lafiyarsa ƙalau. Ɗayan kuwa kwayil ɗinsa, wato ɓangaren da ke samar da wuta, ya ƙone, amma injin bugu ɗaya yake tashi, silinda huɗu, mai lagireto. Niyyata in cire injin in aika wa Yayana a Kura ya ɗaura wa injin casar shinkafarsa. Na faɗa wa Oga Bala a waya, ya ce kada in soma.

Oga Bala: Wa alaikumus salam. Har yanzu ina kan bakana, ƙanena. Injin janareto na janareto ne. Duk wanda ya raba shi da kwayil ɗinsa ya ɗaura masa bel, ya yanke masa kwana. Ka sayar da shi a can, ka turo wa Yayanka kuɗin ya sayi inji ɗan Sin mai silinda ɗaya.

Malam Iliya: Haba Oga. Inji ai inji ne. Karanshaf bai san abin da yake juyawa ba. Mu a Panteka injin tsohuwar mota ma muna zaunar da shi a kan firam ya ja injin niƙa shekara da shekaru, balle injin gas da aka ƙera don yaƙi.

Oga Bala: Karanshaf ya sani, Malam Iliya, kuma a nan maganar take. A jikin janareto, kwayil ɗin manne yake da fulayiwil ta hanyar faifan ƙarfe mai lanƙwasa, a miƙe, layi ɗaya. Juyi kawai injin yake bayarwa, babu abin da ke jan sa gefe. To ka rataya fuli a bakin fulayiwil, ka ja bel ka ɗaure tamau. Duk ƙarfin jan nan a kan mital ɗin baya zai sauka. Da farko sil zai fara zubar da baƙin mai, sai mital ya cinye, ƙarshe karanshaf ya tsage. An kawo mini irin wannan gareji, na kwance da hannuna.

Baba Ɗanjuma: To ni Listata, tsohon injina, bel take ja tun ina saurayi, ban taɓa sauya mata karanshaf ba. Ko ba kamfani ɗaya ba ne?

Injiniya Hadiza: Barkanku da war haka. Baba, gida ɗaya ne amma zamani ya bambanta. Injin da ke cikin MEP-803A sojoji suna kiran sa Onan DN4M, ƙirar kuwa ta Lister Petter ce, wadda ake kira LPW4. Kamfanin Lister na garin Dursley ne a Ingila, ya haɗe da Petter a 1986. Irin taku tsohuwar Lista ce mai tafiya a hankali, juyi 650 a minti, doki shida, da shaf mai kauri wanda tun asali don bel aka yi shi. Ita ce Indiyawa suke kwaikwayo a Rajkot har yau. Na Nura kuwa juyi 1800 yake yi, ƙarfinsa doki ashirin da 'yan kai. Don haka abin da Oga Bala ya faɗa game da jan gefe gaskiya ne. Inda na saɓa da shi, cewa babu magani.

Malam Iliya: Yauwa Hajiya. Maganin ma ba wani ɓoyayye ba ne. Ba a jikin injin ake rataya fuli ba. Shaf daban ake yi, a zaunar da shi a kan boris mai gida guda biyu, fuli a tsakaninsu, sannan a haɗa bakin shaf ɗin da fulayiwil da kofulin mai roba. Jan bel ya ƙare a kan boris biyun nan, injin ya ci gaba da ganin juyi zalla kamar yana jikin kwayil. In boris ya mutu, kuɗinsa bai kai na mai na yini biyu ba. Sharaɗi ɗaya ne, firam ɗaya mai ƙarfi, kuma a daidaita layin shaf da agogon awo, ba da ido ba. Wanda ya daidaita da ido shi ne injinsa ke zuwa garejin Oga.

Oga Bala: Na ji. To kuloci fa? Janareto ba shi da kuloci. Za ka tayar da inji mai sanyi da injin casa a wuyansa?

Malam Iliya: Fulin matsa bel mai hannu. A tayar da inji bel a sake, ya yi ɗumi, a ja hannu ya kama. Masu injin niƙa sun daɗe da sanin wannan.

Nura: Batun totur ne ya fi damuna. Ba shi da totur irin na mota. Wani ɗan maɓalli ne kawai ake murɗawa, kaɗan yake ƙarawa ko ya rage.

Injiniya Hadiza: Wannan na daidaita mitar wuta ne. Gwamnan injin, wato na'urar da ke riƙe gudunsa, an ɗaure shi a juyi 1800 saboda wutar Amurka haz 60 ce, kuma kwayil mai fol huɗu sai ya yi juyi 1800 yake ba da haz 60. Tamu a Najeriya da Nijar haz 50 ce, juyi 1500. Wannan gwamnan shi ne aibin injin a wani aiki, shi ne kuma falalarsa a wani. In tarakta ko mota ko jirgin ruwa za ka sa wa, ka manta, domin can kana son ka hau ka sauka yadda ka ga dama, sai an sauya wa gwamna sifirin da sauran kayan ciki. Amma injin casa me yake so? Gudu ɗaya tsayayye. An zuba shinkafa da yawa, gwamna ya ƙara mai. An rage, ya janye. Shinkafa ta fi karyewa a injin da gudunsa ke hawa da sauka. Sauran lissafin fuli ne: a ce injin casan juyi 900 yake so, fulinsa ya ninka na shaf girma sau biyu, an gama.

Oga Bala: Hajiya, lissafi a takarda daɗi gare shi. Bari in faɗi abin da ba ya cikin takarda. Komai na injin nan bolt 24 ne, batir biyu. Kik 24, caja 24, famfon mai na lantarki 24, solinoyid ɗin da ke buɗe mai 24, hita 24. Ranar da solinoyid ya ƙone a Kura ana tsakiyar kaka, wa zai ba Yayanka? Kik na babbar mota 24 ne, amma ba zai zauna a mazauninsa ba. Sannan kowace silinda da nata ɗan famfon injekta, kuma dole a saita su su yi daidai da sandar gwamna. Yaron da ya saba da ɗan Sin in ya kwance su, ba zai iya mayarwa ba. A Ƙofar Ruwa injin Perkins ne ya cika kasuwa. Ɗan Sin ZS1115 kuwa doki ashirin zuwa ashirin da biyu yake bayarwa, da hannu ake tayar da shi, fistin da ringi da nozul har a kasuwar ƙauye. Da na gaba ake gane zurfin ruwa.

Baba Ɗanjuma: Nan kam Bala ya yi gaskiya. Injin da ya kwana uku a tsaye lokacin kaka ya kori masu kawo casa, kuma ba duka suke dawowa ba.

Malam Iliya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ɗan Sin sau nawa ake buɗe shi a shekara? Arhar safaya ba ita ce arhar inji ba. Nura da yake can ya haɗo solinoyid biyu da famfon mai da filtoci da gasket a kwantena ɗaya da injin. Kuma ai yana da janareto na biyu, ya san inda ake samun kayan.

Isufu: Salamu alaikum daga Maraɗi. Ni noman rani nake yi, ina bin maganarku. Don me za a sha wahalar bel? A haɗa shi da famfon ruwa kai tsaye, shaf da shaf. Babu jan gefe, babu kuloci. A ganina nan ne gidan moter irin wannan.

Injiniya Hadiza: Malam Isufu, wannan shi ne aikin da ya fi dacewa da shi, amma a duba farantin famfon tukuna. Yawancin manyan famfunan da ke kasuwarmu don juyi 1450 ko 2900 aka yi su. Ƙarfin da famfo ke ci yana hawa ne fiye da yadda gudu ke hawa: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin sai ya ninka takwas. Famfon 1450 in ka kai shi 1800, ruwa zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma ƙarfin da zai nema ya kusa ninkawa biyu. Famfon da ke cin doki goma sha biyar zai nemi kusan ashirin da tara, injin kuwa ba shi da su. Sai baƙin hayaƙi da zafi. Na 2900 kuma a 1800 ba zai tura ruwa nesa ba. Akwai kuma kishiyar haka: in famfon ya yi wa injin ƙanƙanta, gas ba ya ƙonewa duka, sai ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana tsiyaya ta salansa, nozul da bawul su yi kunkunniya. Injin gas yana son kaya. A cikakken kaya wannan yana shan kusan galan ɗaya na Amurka a awa, wato lita huɗu saura kaɗan, don haka kada a ɗaura masa injin markaɗen tattasai.

Isufu: To ashe famfon za a fara nema, ba moter ba.

Nura: Ko dai in bar maganar cirewa, in aika mai lafiyar gaba ɗaya, Yaya ya sa wa injin casan mota mai juya inji da wutar lantarki?

Injiniya Hadiza: Kada ka yi, Nura. MEP-803A haz 60 kaɗai yake bayarwa. Manyan 'yan uwansa, daga MEP-804A mai kilowat 15 zuwa sama, su ne ake iya juyawa tsakanin 50 da 60. Kuma wutarsa mai layi uku bolt 208 ce, motocinmu 400 zuwa 415 suke so. Mai layi ɗaya yana ba da 240, fitila da abin walda za su yi aiki, amma mota za ta yi gudu fiye da ƙa'ida da kashi ashirin cikin ɗari. In wuta ake so, a sayi sabon kwayil na haz 50, a auna lambar girman gidan fulayiwil da ake kira SAE, a sauko da gwamna zuwa 1500. Ƙarfi zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Malam Iliya: Kuma a juya gas ya zama wuta, a sake juya wuta ta zama juyi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a hanya. Ga mota in za ta tashi tana jan wuta ninki biyar ko shida. Bel ya fi.

Oga Bala: Duk kun tsallake abin da ya fi kashe irin injinan nan. Abin da ke tsayar da inji in baƙin mai ya yi ƙasa ko ruwa ya tafasa ba a jikin injin yake ba, a akwatin makunnai yake. Suwic ɗin ne kawai a jiki. Ranar da ka zare injin ka jefar da akwati, ka cire masa mai gadi. A jikin akwatin akwai wani makunni da aka rubuta wa Battle Short, sojoji na kunna shi in ana ruwan wuta, ya tsallake kariyar nan injin ya yi ta aiki ko da zai mutu. Injin da aka cire babu akwati kullum a haka yake. A rumfar casa kuwa ƙaiƙayi cikin awa kaɗan yake toshe lagireto, yaron inji yana can yana ɗinkin buhu.

Injiniya Hadiza: Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi yau. Rile ɗaya na 24 ya isa a haɗa suwic na mai da na zafi da solinoyid, amma dole a yi kafin a tayar da shi ko sau ɗaya. Lagireto kuma a fitar da shi bayan bango, inda iska ba ta kawo ƙaiƙayi.

Malam Iliya: To ai shawara ta fito. Kada ma ka zare injin, Nura. Ka cire kwayil ɗin da ya ƙone kaɗai. Ka bar firam da tanki da lagireto da akwati da gidan rage ƙara yadda suke. Gurbin kwayil nan ne mazaunin shaf da boris biyu, a huda gefe bel ya fita. Abu ɗaya, fentin sojan nan da ake kira CARC ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne, duk wanda zai yanka ko ya yi walda ya rufe hanci da abin kirki, a fili.

Baba Ɗanjuma: Ɗana, kafin duk wannan ka tambayi masu fiton kaya a tashar ruwa. Abin da ya fito daga hannun soja akwai wanda sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yake shigowa, kuma can ma suna da dokarsu ta fitarwa. Kada ka biya kuɗin dakon abu mai kusan rabin tan ya je ya zauna a Apapa.

Nura: Na gode Baba, gobe zan kira su. Malam Iliya, zan auno maka faɗin fulayiwil da tazarar ramukan kusoshi. Oga, in ya iso za ka duba mana saitin famfunan injekta?

Oga Bala: Zan duba, ba zan ƙi ba. Amma ka gaya wa Yayanka kada ya sayar da tsohon injinsa. Ya bar shi a kan mazauninsa da bel ɗinsa har wannan ya ci kaka guda cur.