Na gaji rigar saƙi daga kakana, wa zan kai wa gyara?

Jikan Malam: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya muka buɗe adakar marigayi kakanmu, sai ga babbar riga a naɗe cikin farin ƙyalle. Saƙi ce, baƙa mai ɗigon fari kamar jikin zabo, aikin gabanta zanen ɗinkin nan da ake kira aska takwas, bakinta na ƙasa an yi masa shafi da jan alharini. Kaka ta ce tun ba a haifi babanmu ba yake da ita. Asu ya ɗan taɓa kafaɗar hagu, wuyan kuma ya fara zarewa. Ina so in sa ta ranar Babbar Salla. Wa zan kai wa? Kuma ana wanke irinta?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Ɗan'uwa, kada ka yarda ta je hannun mai keke, allurar inji yaga tsohuwar saƙa take yi. Shiga kasuwar Kurmi ta Kano ka tambayi dattawan da ke ɗinkin hannu, kuma ka je da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Dillalan tsofaffin kaya za su taya, su ne masu kai wa Turawa. Ko nawa suka ambata, ka ce albarka.

Bazazzagi: Ni Zariya zan ce maka, cikin birni. Har gobe za ka tarar da mutane a zaure da riga a cinya suna aikin allura, wani ya zana, wani ya cike. Amma fara duba zaren aikin. In ka ga launinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ba ya ƙyalli sosai, yana da ɗan kaushi a yatsa, to tsamiya ce, silikin da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke zama a bishiya. Sai an dafa shi da toka kafin a kaɗa shi, shi ya sa a da ba kowa ke iya sayen rigar da aka yi wa aiki da shi ba. Wanda zai gyara ya nemo zaren da ya dace, ko da za ka jira shi wata guda. In aka cusa farin zaren kanti a ciki, daga nesa za a gane facin.

Maman Abba: Ɗana, batun wanki ka bi a hankali. Ta mahaifina na ba wani mai wanki, ya jiƙa ta da sabulun gari ya kwana, da safe jan shafin ya zuba cikin farin aikin. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ka shanya taka a inuwa kwana biyu ta sha iska, ka kaɗe ta a hankali. In ta kama dole, ruwan sanyi kawai, ba cuɗa ba matsa. Kada ka rataye ta, nauyin aikin ke cin kafaɗa. Ninke ta ka mayar cikin farin ƙyallen nan, ka sa kafur a gefe. Ban da leda, da damina fumfuna take yi.

Mutumin Kura: Bayan gyara ka kai ta wajen mabuga, su fito mata da ƙyalli.

Bazazzagi: A'a Alhaji, a yi haƙuri. Bugu na sabuwar riga ne da shadda. Zaren da ya haura shekara sittin ba zai jure sandar mabuga a kan gungume ba.

Mutumin Kura: Gaskiyarka Malam, na janye. Mu da turkuɗi muka saba, shi sai ya sha shuni da bugu kafin Buzayen Agadas su karɓa.

Malamin Makaranta: In kana son sanin asalin abin da ke hannunka, leƙa Gidan Makama, gidan tarihin Kano, daga nan ka wuce karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Ka tsaya ka ga yadda ake haɗa baba da toka a rijiya. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Alharinin da ke bakin rigarka kuwa kishiyar hanya ya biyo, siliki ne da ayarin raƙuma ke kawowa a da daga Arewacin Afirka ta Sahara. Sannan kada ka yi mamaki in dattijon da ka kai wa ya ce aikin Nufawa ne, mutanen Bidda sun yi suna ƙwarai a irin wannan ɗinki.

Jikan Malam: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba yanzu a hasken taga, zaren ruwan ƙasa ne, tsamiya ce ke nan. Mama, na shimfiɗa ta a kan tabarma a rumfa kamar yadda kika ce, Kaka ta ja kujera ta zauna kusa da ita tana shafa aljihun. Malam Bazazzagi, ranar Asabar zan shigo Zariya in sha Allahu. Wace unguwa zan fara tambaya?

Bazazzagi: In ka sauka a Ƙofar Doka ka yi mini magana, ni zan raka ka.