Aiki ya tsaya a New York, in nemi kuɗin marasa aiki ko zai ɓata min takardu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Bronx, ina aikin wanke-wanke da yankan kaya a wani gidan abinci. Tun tsakiyar Maris na wannan shekara ta 2020 da cutar korona ta sa aka rufe wuraren cin abinci, maigidan ya ce mu zauna a gida sai ya kira mu. Ga shi har mun shiga Mayu, azumi ya yi nisa, kuɗin haya na wata biyu na kaina, mahaifiyata a Kumasi tana jiran abin da na saba aikawa. Abokan aikina sun nemi kuɗin marasa aiki, ni kuwa na kasa. Ina da green card, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, kuma na fara shirin ɗauko matata. An ce min duk wanda ya ci kuɗin gwamnati za a rubuta shi a matsayin nauyi a kan ƙasa. Sannan, gaskiya, zuciyata na ganin abin kamar bara. Don Allah ku ba ni shawara.

Baban Khadija: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Cire maganar bara daga ranka. Wannan inshora ce. Duk lokacin da kake aiki, maigidanka yana biyan haraji na musamman a kan albashin ma'aikatansa, domin irin wannan rana. Dokar nauyi a kan ƙasa da ta fara aiki a 24 ga Fabrairu, 2020, ba ta lissafa shi ba, hukumar shige da fice da kanta ta ce haƙƙin da mutum ya samu da aikinsa ne. Kuma ba kai kaɗai ba ne: kowace Alhamis Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana fitar da adadin sababbin masu nema, cikin mako 7 sun haura miliyan 33. Rashin aiki ya kai kashi 14.7 cikin 100 a Afrilu. Ka cika takardar yau ɗin nan, kada ka jira Sallah.

Maman Amira: Ƙanena, ka tara takardun albashinka na bara, da lambar Social Security (lambar da gwamnati ke ba mutum don aiki da haraji), da lambar green card, da cikakken adireshin wurin aikin. A jihar New York, a wannan shekara ta 2020, mafi yawan abin da ake biya dala 504 ne a mako, gwargwadon albashinka, sai kuma dala 600 a mako da dokar CARES, wato dokar tallafin korona ta tarayya, ta ƙara har ƙarshen Yulin 2020. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne tabbatarwa. Kowane mako sai ka shiga ka amsa tambayoyin cewa har yanzu ba ka da aiki, ko da kuɗin bai fara sauka ba. Makon da ka tsallake, sai ka sha wahala kafin ka karɓo shi. Ni a bangon kicin na liƙa takarda, ina rubuta ranar da na tabbatar da ranar da kuɗi ya shiga. Ka kuma faɗa musu ainihin ranar da aikinka ya tsaya.

Ɗan Zango: Tambaya ɗaya, ana biyanka ta ceki ne ko a hannu? In a hannu ne, maganar ta ɗan bambanta, sai ka nemi lauyoyin taimakon jama'a na kyauta tukuna.

Mai tambaya: Ta ceki ne, ana cire haraji.

Ɗan Zango: To hanya a buɗe take. Amma ka riƙe gaskiya ƙam. In ka yi aikin kai kaya ko na yini ɗaya ne, ka faɗa. A ƙa'idar wannan shekara ta 2020, suna rage kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin makon a kan kowane yinin aiki. In ka ɓoye suka gano, za ka biya har da tara, kuma wannan ne zai iya taɓa takardunka. Kada ka yi tabbatarwar mako alhali kana wajen Amurka, kada kuma ka ba wani lambar sirrinka ya yi maka. Kuɗin nan akwai haraji a kansa, ka zaɓi su riƙa cire kashi 10 tun yanzu.

Alhaji na Harlem: Ɗana, maganar iyalinka ce ta fi damuna. Karɓar kuɗin ba zai hana ta zuwa ba, amma ranar da za ka sa hannu a takardar ɗaukar nauyinta, za a duba ko abin da kake samu ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci. In bai kai ba, doka ta yarda wani ya tsaya maka a matsayin mai ɗaukar nauyi na biyu. Ka fara tunanin wanda za ka roƙa. Batun haya kuwa, gwamnan New York, Cuomo, ya dakatar da korar 'yan haya a Maris na 2020, sai dai bashin yana nan, don haka ka rubuta wa mai gidan, ka biya abin da ya sawwaƙa. Ka kira Hajiya ka gaya mata halin da ake ciki da bakinka, uwa ta fi son gaskiya da jiran abin da ba ta san dalilin jinkirinsa ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na fito da takardun, bayan buɗa-baki zan cika. Yaya Maman Amira, in na maƙale zan neme ki.

Maman Amira: Ba komai, ka neme ni bayan asham.