Dashen itatuwan da aka yi a garinku, nawa suka rayu?

Malamin gona mai ritaya, Dutse:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk damina sai mun ji a rediyo an dasa itatuwa dubu kaza don tare hamada, amma ba a cika dawo mana da labarin nawa suka tsallake rani ba. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar itatuwa daga Senegal har Jibuti, daga baya aka sa burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce abin da aka gyara a yankin shirin bai wuce kimanin hekta miliyan 4 ba. A 2021 aka sake alkawarin sama da dala biliyan 14 a Paris. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya, shi ya sa abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Don Allah kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Manomi, yankin Gumel:
Wa alaikumus salam Baba. A wajenmu wasu masu aiki sun kawo dashe a leda, turare da darbejiya, amma sai da damina ta kusa ɗaukewa. Manya suka zo, aka ɗauki hoto, aka ba samari kuɗin haƙa rami. Ba shinge, ba mai gadi, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Ana cire amfanin gona aka saki dabbobi, awaki suka fara, gara ta ƙarasa. Filin kuwa makiyaya ce tun kakanninmu, ba a tambayi Fulanin da ke kiwo a wurin ba. Allon da aka kafa yana nan, itatuwan da suka rage ana ƙirga su da yatsu.

Malamar firamare, Daura:
Ni namu ya rayu, kuma na san dalili. Kowane aji aka ba shi nasa, yara suka kewaye su da ƙaya, kowa ya zo da ragowar ruwan alwala a gora. Da dogon hutu mai gadinmu ya riƙe su, iyaye suka ɗan haɗa masa wani abu. Yanzu a inuwar ake karatu idan aji ya yi zafi.

Ɗan Maraɗi:
Malam, ku zo ku ga gonakinmu. Mu nan ba dashe ya cece mu ba, sassaben zamani ne. Da can in manomi zai yi sassabe, duk tohon da ya fito daga kututture sai ya sare ya ƙone, gona fes ita ce ta mutumin kirki. Alhali saiwar tsofaffin itatuwa na nan da ranta a ƙasa. Yanzu sai ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen, ka datse sauran, ka riƙa yi masu aski duk shekara. Sabara, kalgo, aduwa, magarya, duk haka muke yi masu. Ba sa neman ban ruwa, don saiwarsu ta riga ta yi nisa.

Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa abin a nan wajen 1983, bayan shi ma dashensa ya yi ta mutuwa. Yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Amma abin da mahaifina ya fi nanata mini shi ne, a zamaninsu icce na gwamnati ne, ko a gonarka ka sare sai a ci ka tara. To wa zai reni abin da ba nasa ba? Da manomi ya tabbata reshen nasa ne, ganyen na tumakinsa ne, sai ya fara kwana da tunanin iccen.

Gawo kuwa ba a magana. Yana kaɗe ganye da damina, bai hana hatsi rana, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa. Geron gindin gawo ko daga nesa ka san shi.

Manomi, yankin Gumel:
Ɗan'uwa, to ɓarayin icce fa? Mu nan ka rena, wani ya zo da dare da gatari.

Ɗan Maraɗi:
Akwai su. A ƙauyenmu an kafa 'yan sa ido, har da mata da makiyaya, mai gari ke yanke tara. Bai hana duka ba, amma ya rage sosai.

Mai sayar da abinci, Kano:
Ku yi haƙuri in shigo, don mu ake zagi da ƙona gawayi. Na sayi tukunyar gas da kuɗina, na ji daɗinta, ba hayaƙi ba ciwon ido. Bayan cire tallafin mai a 2023 da faɗuwar naira, kuɗin cika ta ya fi ƙarfin ribata, na koma gawayi ina ji ina gani. Na san daga daji ake sare shi, kuma yana damuna. Amma duk Afirka hayaƙi mai ɗumama yanayi da muke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Masu taron sauyin yanayi su fara sauƙaƙa mana gas kafin su yi mana wa'azi.

Malamin gona mai ritaya, Dutse:
Hajiya, gaskiyarki. Hamada dai tana tafe, na ga rairayi ya cinye gonaki a arewacin Yobe, don haka ba na cikin masu cewa a daina. Abin da nake so shi ne a riƙa biyan kuɗin aiki bisa iccen da ya shekara uku a raye, a kuma ba mai gona takardar cewa nasa ne. Ɗana na Maraɗi, wane wata kuke yin askin? Ina so in gwada a gonata ta bayan gari.

Ɗan Maraɗi:
Da rani Baba, lokacin sharar gona. Wuƙar ta zama mai kaifi, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Kada ka aske har ƙoli, ka bar masa kamar rabin rassansa.