Wa ya taɓa ganin tsaunin ƙanƙara daga jirgin ruwa?

Abu Usama, Jidda:
Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Kanada ya matsa lamba sai mun shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido zuwa Alaska a hutun Yuli. Ni kuwa sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kaɗai na sani. Wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari.

Injiniya, Riyad:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Daga birnin Bankuba na Kanada muka tashi, kwana 7. Ranar da muka doshi tsaunin ƙanƙarar Hubbard jirgin ya rage gudu, guntayen ƙanƙara suna ta ƙwanƙwasa jikinsa. Daga nesa na raina abin, na ce ai katanga ce. Da muka matsa sai ga bango shuɗi kamar bene mai hawa 30, kuma jelarsa ta miƙe fiye da kilomita 120 har cikin duwatsun Kanada. Shuɗin nan kuwa, dusar ƙanƙara ce ta danne juna shekara ɗaruruwa har iska ta fice. Amma abin da ya tsaya mini a rai ƙarar ce. Za ka ga wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa shiru, sai bayan ɗan lokaci ka ji kamar aradu. Ina riƙe da shayi, rabinsa a rigata ya ƙare.

Ummu Fatima, Makka:
Mu Norwe muka je, Alhaji, kuma can jirgi ba ya kai mutum. A Olden muka sauka, muka hau bas, sannan tafiyar ƙafa kusan kilomita 3 zuwa tsaunin ƙanƙarar Briksdal. Gaskiya na ɗan ji haushi: ƙanƙarar ta ja baya, tana can maƙale a saman dutse, sai tafki kore a ƙasa. Ga shi da takalmin zuwa Harami na tafi, yatsuna suka ƙage.

Injiniya:
Na manta, Alhaji, ka yi azahar kafin a iso. Jirgin yakan juya a hankali don kowane gefe ya gani, alƙibla sai ta gudu. Magariba kuma sai wajen goma na dare.

Abu Usama:
Allah ya saka da alheri. To ina zan sami safar hannu a Jidda cikin wannan zafin?

Ummu Fatima:
Kada ka wahalar da kanka a kasuwar Balad. Yaron ya saya maka can.