Tambaya 14, amsa ɗaya: "Alhamdulillahi"

Ɗiyar Adar ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ƴar Tahoua ce, ina mastar a ilimin halayyar ɗan Adam a nan Yamai, kuma a kan masu ciwon daji nake rubuta memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu. Innata ce sila. Wata bakwai ina raka ta shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin ciwon daji, saboda sankarar mama. An kula da ƙullutun iya kulawa, amma ba wanda ya tambaye ta dalilin da ta daina barci, ko abin da ya hana ta fitowa tsakar gida tun da gashinta ya zube.

Ga inda abin ya cije mini. A aji an koya mana HADS, takardar tambayoyi 14 da aka fitar a Ingila a 1983, bakwai a kan fargaba, bakwai a kan ƙuncin rai. Na ɗauke ta da Faransanci na tafi sitaj. Na zauna gaban wata tsohuwa daga wajen Bouza, ina fassara mata da baki: "Iya, har yanzu kina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa?" Ta ce Alhamdulillahi. Ta gaba, Alhamdulillahi. Haka har ta 14, wadda ke tambaya ko tana jin daɗin littafi ko rediyo ko talabijin. Takardar kuwa daga 0 zuwa 3 ta tanada, ba gurbin Alhamdulillahi.

Sai da na naɗe takarda zan tashi ta kama bakin mayafina, ta yi ƙasa da murya: "Ɗiyata, in an yanke nonon, mai gidan zai bar ni a ɗakina?"

Tun ranar nake tambayar kaina. Yaya za a horar da mu har abin da bincike ya gano ya yi aiki a gefen gadon mara lafiya?

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba innarki lafiya. Shekaru na yi a ɗakin mata, kuma matar ƙauye ba ta kai ƙarar Ubangijinta wurin baƙuwa mai riƙe da biro. Fara da gaisuwa, ki tambayi yara da damina, ki aiki ɗan rakiya ya sayo ruwa. In surukarta na zaune, ba abin da za ki ji.

Akwai ma'aunin damuwa na Amurka mai kamar na zafin jiki, daga 0 zuwa 10, wanda daga 4 ake cewa a ƙara bincikawa. Ni da tiya nake yin sa. Nakan ce, "In damuwar nan hatsi ce, ta cika tiya, ko rabi, ko ƴar ƙasa-ƙasa ce?" Nan take za ta nuna miki da hannu. Sannan ki tambayi kuɗi, kar ki ji kunya. Tun 2021 ake gashi da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, an rage fita waje, amma mai zuwa daga Tahoua sai ta yi kusan kilomita 550, ta kwashe makonni a gidan wani. Sau da yawa rashin barcin daga kuɗin kar da masauki yake.

Malamin Jami'a ya amsa:

Hajiya, tiyarki ta burge ni, sai dai in ba a rubuta an gwada ba, za ta yi ritaya tare da ke. Nan ne aikin ɗalibarmu yake. Fannin nan ma daga gefen gado ya taso: Jimmie Holland ta buɗe sashen kula da tunanin masu ciwon daji a wani babban asibitin New York a 1977, kuma abin da ta ji daga bakin marasa lafiya ne ya zama tambayoyin bincike.

Ɗiyata, fassara da baki ita ce matsalar farko, don yau za ki ce "damuwa", gobe "ɓacin rai", lissafin ya watse. A fassara a rubuce, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Faransanci, a gwada wa mata goma ko ashirin, a tambaye su me suka fahimta. Sannan a auna sakamakon da doguwar hira. Mun fara rajistar ciwon daji a Nijar tun 1992, muna ƙirga ƙullutu. Ya kamata mu iya ƙirga zullumi ma. A 2010 wani bincike a Boston a kan mutum 151 masu sankarar huhu ya nuna waɗanda aka fara sauƙaƙa musu raɗaɗi da damuwa tun da wuri sun fi samun natsuwa, har sun ɗan fi daɗewa. Da irin wannan hujja ake neman a ɗauki ma'aikaci. Ra'ayina, rabin mako a aji, rabi a asibiti, kuma kar a amince da batun memwar da bai fito daga ɗakin jinya ba.

Ɗan Kalfou ya amsa:

Ni ba masani ba ne, mahaifina na yi jinya. Mu muka roƙi likita kar ya faɗa masa sunan cutar, muka ce gyambon ciki ne. Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya lissafa mini bashin da ke kansa, har da jika uku na mai taki. Ashe ya sani, yana ɓoye mana kamar yadda muke ɓoye masa. Don Allah ku koyi magana da dangi ma. Da mun samu mai zaunar da mu, da mun yi bankwana yadda ya kamata.

Ɗiyar Adar ta dawo:

Allah ya jiƙan Baba, yayana, ya sa ya huta. Hajiya, na gwada tiya ranar Talata. Tsohuwar Bouza ta cika hannu biyu ta ce, "Har tana zuba." Na roƙi mai gidanta ya zo ranar Alhamis mu zauna da likita, ya ce zai zo. Malam, na fara fassarar, amma na tsaya a kalma ɗaya: tsakanin "zullumi" da "fargaba", wacce mutanen Adar suka fi faɗa in dare ya yi barci ya ƙi zuwa? Kuma ina neman mai Zabarmanci da mai Tamajak da za mu yi aikin tare.