Mun gama taron farkawa amma muka zaunar da baƙo kusa da janareto

Ɗan Kagoro a Agege:
Salama 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Lahadi. Mun gama taron farkawa na kwana uku a cocinmu, azumi da addu'a, mawaƙa sun yi ta yi har ni kaina sai da na zubar da hawaye. To ana cikin sujada sai ga wani yaro ya shigo, daga gani ɗan jari bola ne, silifas ɗinsa an ɗaure da waya, hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya yana waige-waige. Mai zaunar da mutane ya nuna masa benci a waje kusa da janareto alhali ga kujera ba kowa a gefena. Ina gani na yi shiru. Kafin a tashi ya tafi. Don Allah ku faɗa min, wace irin sabuntawa muka samu ke nan, kuma me ya kamata in yi yanzu?

Dattijo daga Mile 12:
Ɗana, wannan damuwar da ta hana ka sukuni ita ce aikin Ruhu, kada ka kashe ta. Buɗe wasiƙar Yaƙub sura 2 a Littafi Mai Tsarki, zancen mai zoben zinariya da aka ba wuri mai kyau aka ce wa matalauci tsaya can, sai ka ce a cocinku aka rubuta. Ishaya 58 ma ya nuna azumin da Allah yake so, raba abincinka da mayunwaci, ka shigo da marar wurin kwana gidanka. Je ka sami fasto da dattawa a keɓe, cikin ladabi, kuma ka fara da naka laifin na yin shiru kafin ka ambaci na wani.

Mai shago a Obalende:
Ban ƙi ba Baba, amma fa Legas ce, an sha ɗauke waya da jaka a cikin coci ana tsakiyar addu'a, kada mu ɗora wa mai tsaron ƙofa duka.

'Yar Zumunta, Idi-Araba:
Haba ɗan'uwa, ɓarawon waya ai da kwat da turare yake shigowa. In tsaro ne a duba kowa a ƙofa, ba mai datti kaɗai ba. Ni abin da ke ci min rai, mu da ake kira aboki a titi, aka hana yaranmu acaba a Ikeja da Surulere da Apapa tun 2022 suka koma tura baro da gadi, mun san zafin raini sarai, sai kuma mu shigo ɗakin Ubangiji mu yi wa junanmu. Yesu fa da matar Samariya ya yi zancen sujada cikin ruhu da gaskiya, a bakin rijiya, macen da ko almajiransa sun yi mamakin ganinsa yana magana da ita.

Maigadi a Ikoyi:
Ni ne irin yaron nan. 2014 na gudo daga Gwoza da riga ɗaya, a ƙarƙashin gada nake kwana, sati uku ina zuwa coci ina tsayawa a baya don kunyar warin jikina. Wata mama ce ta matsa ta ce zauna nan ɗana, ta buɗe littafin waƙarta muka riƙe tare, bayan an tashi ta sayo min shinkafa da wake. Wa'azin ranar na manta, amma hannunta a kan littafin nan har yau ina ganinsa. Ka nemi yaron nan yallaɓai, ba zai dawo da kansa ba.

Ɗan Kagoro a Agege:
Na gode muku. Na yi wa fasto waya, ya ce mu zauna bayan addu'ar Laraba. Akwai inda 'yan jari bola ke auna ƙarfe ta wajen layin dogo, gobe da yamma in na tashi aiki zan bi ta can. Ko sunansa ban sani ba, silifas ɗin kawai zan duba. Ku sa ni a addu'a.