Musayar Waƙa: Me Ya Kawo Nasara, Me Ya Bari?

Bakanon Dala: Salamu alaikum 'yan zaure. Amsa-amon wannan mako "ya" ne. Bismillah.

Da sunan Allah nake buɗe tambaya,
Me ya fito da Nasara yawon duniya?
Injinan Mancesta ne suka buɗe baki,
Auduga suke so da manja da dukiya.
A Balin, 1884, aka baje taswira,
Bismak ne mai masauki, baƙar fata ba ko ɗaya.
Ingila da Faransa na hararar juna,
Suka datsa Afirka kamar ragon layya.

Ɗan Damagaram:
Bakano ya fara da batun ciniki,
Ko cikin waƙa riba ce a zuciya!
Ran da sojan Luga suka fasa ganuwarku,
Sarki Alu ya je Sakkwato, yana kan hanya.
Mu Kazamajun Faransa da ya shigo Zinder,
Bai koma garinsu ba, je ka bi sawun baya.

Bagobira: Kai! A gaishe ka Damagaram. Bakano, kurɓi ruwa tukuna.

Bakanon Dala:
Kashe Kazamaju bai tare muku komai ba,
Shekara na zagayowa kuka miƙa wuya.
Sarkinku Kuran Daga ya faɗi, Faransa ta zauna,
Har gobe da sefa kake sayen kayan miya.
Wazirin Kano Ahmadu a Kwatarkwashi ya kwanta,
Gaban bakin bindiga, bai ba da baya.

Malam Aruli: Ku dakata. Bakano, ɗangonka na biyar ya karye. In aka karanta 1884 da baki, gaɓa 16 ce ita kaɗai, ina sauran kalmomin za su zauna? Magabata da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi, suke sa shekara. Kai kuma Damagaram, da karin Ramal ka fara, ban san inda ka ƙare ba.

Bakanon Dala: Allah gafarta Malam, wa zai warware ramzi a waya? Rerawa nake yi, ba awo ba.

Ɗan Damagaram: Malam, nawa karin na baka ne. Aruli ma ai baƙo ne, daga Larabawa ya zo.

Malam Aruli: Baƙon da ya zo da littafi daban, wanda ya zo da igwa daban. Gyara baitinka, yaro.

Bagobira: Malam dai ba ya ganin laifin kowa sai na Damagaram.

Na Zazzau: Ai Bakanon ya fara kamawa, Hajiya. Son kai ya rufe miki ido.

Jikar Sarauniya: Kwana biyu ba na nan, na tarar kuna rigimar gaɓa. Ga tawa, in ta karye ta karye.

Ku bar gorin wanda ya fi daɗewa,
Bindiga mai ruwa ba ta san jarumi ba, yaya.
Kwinin ya kare su daga zazzaɓin bakin teku,
Jirgin tururi ya buɗe musu Kwara hanya.
Vule da Shanuwan na Faransa sun bi ta Birnin Ƙonni,
1899, gawa a fili, gawa a rijiya.
A Lugu mace ce ta tare musu gaba,
Mazan zaure, kun manta Sarauniya?
A Kwango Liyofol na Beljiyam kan roba yake sa wa,
A sare hannun mutum, ba tsoro ba kunya.
Sai Minilik na Habasha a Adwa, shi ma da bindiga,
Ya kora rundunar Italiya.

Malam Aruli: Ɗangon ƙarshe gajere ne, 'yata. Amma na yafe.

Bakanon Dala: To fa! Ita da 1899 an yafe, ni an kama ni.

Tsohon Akawu: Ni ba mawaƙi ba ne, amma a yi adalci.

Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911,
Bature Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa kuma ga asibiti ga hanya.
Kasuwar bayi ma su suka rufe ta,
A faɗi alherin mutum ko da maƙiyi ne, gaskiya.

Ɗan Damagaram:
Baba Akawu, fanshon Bature na magana!
Dogon nan daga gona zuwa teku ya miƙa kaya.
Dalar gyaɗa ta tashi, manomi na bin bashi,
Haraji da kuɗin Nasara, ko ka sha wuya.
Kuzar Jos wa ya haƙa, wa ya kwashe?
Ɗiban gwamna ya raba ɗa da mahaifiya.

Bakanon Dala: Yau dai na yarda da Damagaram, amma a baiti ɗaya kawai. Ga ƙari:

Katsina nan, Maraɗi can, dangi guda,
Sai an nuna takarda a bakin iyaka, ɗan'uwa.

Na Zazzau: Ɗan'uwa? Ina "ya" ɗin da ka gindaya mana?

Malam Aruli: Alhamdu lillahi, wani ya gani ban faɗa ba. Baba Akawu kuma, ɗangonka na biyu sai an shaƙi numfashi sau biyu kafin a kai ƙarshensa.

Tsohon Akawu: Na ce muku ni ba mawaƙi ba ne.

Jikar Sarauniya: Har yanzu ba wanda ya taɓa Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi, balle tawayen Satiru 1906. Sakkwatawan zauren nan suna ina ne?

Bagobira: Suna neman amsa-amo. Bakano, gyara naka mu gani.